Jajayen Ƙwayoyin da Babanki Ya Shanye

Ƙafin Maiyaki,
Ƙasar Kiru.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ke 'yar nan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Isiyaku. Allah Ya kai ku ƙasar Doguwa lafiya, Ya tsare ku a dajin Falgore da duk inda ƙafarku za ta taka, Ya sa canjin makarantar nan da aka yi masa ya zame muku alheri. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Na san za ki yi mamaki idan kika buɗe kwanon busasshen zogale kika tarar da takarda a ƙarƙashin murfi, kuma da rubutuna. Kada ki yi dariyar layukan da suka karkace. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta sha cewa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan sabon daɓe, amma tana karantawa, ke ma za ki karanta. Na so in ba Goggo Lami saƙon, tunda ita za ta raka ku. Sai dai kin san ƙanwar babanki, kafin motarku ta kai Tudun Wada har yaron mota ya ji. Wannan magana kuwa tsakanina da ke ce.

Kina da ciki. Ga shi na rubuta, hannuna kuma bai karye ba.

Ranar da kika zo mana sallama na gane. Ana kaɗa miya kika tashi kika koma zaure saboda warin daddawa, ke da kike satar ta kina lasa tun kina ƙarama. Kin ɗauko tulu daga rijiyar tsakar gida, nan da nan, kika tsaya kina haki. Da kika miƙo hannu za ki karɓi goron da za ki kai wa surukarki, na ga tafinki fari fat inda lalle bai kama ba, leɓenki ma ya koɗe. Daga baya na hango ki a bayan rumbu kina ɓantarar ƙasar katanga kina jefawa a baki. Kin ɗauka ba wanda ya gan ki. Ni kuwa katangar nan na san ɗanɗanonta tun kafin a haife ki. Gabana ya faɗi, domin na san me ake kiran wannan farin a asibiti: ƙarancin jini.

Me na ce miki da kika tashi tafiya? Na kawar da kai, na ce Allah Ya kiyaye hanya. Shi ke nan. Kina fita na zauna a bakin murhu ina jin haushin kaina.

Kin san dalili. Ke ce 'yar farina. Ana yaye ki mahaifiyata Inna ta ɗauke ki zuwa Bebeji, kika tashi kina ce mata Inna, ni da na haife ki kina ce mini Yaya. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa yi miki wasa a gaban mutane ba, in ana yabonki sai in sami abin yi a madafa. Haka muka tarar, kuma ba na zagin abin da iyayenmu suka yi, don kunya ta gyara gidaje da yawa. Da Inna tana raye, ita za ta zaunar da ke ta faɗa miki komai, ni ina daga nesa ina jin daɗi. Allah Ya jiƙanta. Yanzu ba ta nan, surukarki tana Bebeji, ke kuma za ki inda ba ki san kowa ba. In na yi shiru, ke ma kika yi shiru, mijinki kuma bai san komai ba, to wa zai yi magana?

Bari in fara da cikinki, wato lokacin da nake ɗauke da ke. Ɓoye shi na yi, kamar yadda kike yi yanzu. Na riƙa ɗaura zani sama ina yafa babban mayafi ko ana zafi. In an ce Abu me ya same ki kika yi fari haka, sai in ce shawara ce. Uwar mijina ta sani sarai, amma ita ma tana jin nauyina, sai dai ta jiƙa mini saiwa ta ajiye a bakin ƙofa. Wata rana da hantsi ina daka, jiri ya ɗebe ni na faɗi da taɓarya a hannu. Aka yayyafa mini ruwa, aka yi mini tofi, na tashi na ci gaba da dakana. A lokacin ba mu san wani abu wai shi awo ba, wanda ya sani ma sai ya je birni. Na haife ki a gaban Inna, na sha da ƙyar, na daɗe in na miƙe tsaye sai in ga duhu. Allah ne Ya yi da sauran kwanana.

Saboda haka ki faɗa wa Malam Isiyaku. Na san bakinki zai yi nauyi. Ba sai kin dube shi ba, ki juya baya kina gyaran gado ki ce kina so ya kai ki awo. Malamin makaranta ne, zai gane lissafin da kansa. Yaron kirki ne, na ga yadda yake duban ki in ya zaci ba a ganinsa. Amma namiji ba ya ganin farin tafin hannu, sai an nuna masa.

Yanzu ga babbar maganar. Kin san tsokanar da ake yi wa babanki, yadda abokansa na majalisa har yau in ya doso suke cewa ga mai jego nan, yaushe ne sunan? Kin tashi kin tarar ana dariyar ya shanye maganin masu ciki. Rabin labarin kika sani, rabin da yake da ban dariya.

Wajen shekarar da aka canja kuɗi ne, ina da ciki na huɗu. A lokacin an fara awo a Tudun Wada, babanki kuma ya yarda na je, abin da maza da yawa ba su yi ba. Malamar awon wata doguwar mace ce mai gilashi, Hausarta a karkace amma ba ta da wasa. Ta auna ni, ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta girgiza kai. Ta ba ni ƙwayoyi iri biyu a ƙunshin takarda, jajaye na ƙarin jini da wasu 'yan mitsi-mitsi ruwan ɗorawa, ta ce kullum in sha har in haihu, bayan na haihu ma in ci gaba.

Na fara sha da ƙwazona. Ba a jima ba zuciyata ta riƙa tashi, bayan gidana ya koma baƙi ƙirin. Na tsorata. Maimakon in koma in tambayi wadda ta ba ni, sai na leƙa ta katanga na tambayi Tabawa mai koko, don ta girme ni kuma ta haifi da yawa. Ta riƙe baki ta ce:

"Abu, so kike a yanka ki? Ƙwayar nan ɗa take ginawa a ciki, kai ya yi ƙato ya ƙi fitowa. Su abin da suke so ke nan, su sami na yankawa."

Ba mugunta ta yi mini ba, abin da ta ji ta faɗa, ita ma ta yarda da shi har zuciyarta. Ni kuwa a duniya ba abin da nake tsoro kamar a ce an yi mini aiki. Tun ranar na daina sha. To, kin san halina, ba na iya zubar da abu. Kaka ce, babanki yana dawowa daga karyar masara a gajiye, yana cewa jininsa ya ƙare a gona. Na ce ai kuwa ga maganin ƙarin jini nan na asibiti. Ya karɓa ya riƙa korawa da fura. Ya ce tunda yake bai taɓa jin ƙarfi irin na bana ba. Ni kuma ina murna ban yi asara ba.

Na ci gaba da zuwa awo, ina karɓo ƙwayoyi ina kawo masa. Malamar ta ja fatar idona ta tambaye ni ko ina shan maganina. Na ce ina sha. Ta daɗe tana dubana ta saman gilashi, sannan ta ce, "Bakinki ya ce kina sha, idonki bai ce ba." Na sunkuyar da kai na yi kunnen ƙashi. Da na buɗe baki ranar na faɗa mata abin da nake tsoro, da ta warware mini a tsaye.

Naƙuda ta zo mini ranar kasuwa da rana tsaka, watan haihuwar bai ma kama ba. Haihuwar ba ta yi wuya ba. Jinin ne ya ɓalle, ni kuma ba ni da na zubarwa. Ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta ta ce a nemi mota. A bayan a-kori-kura mai ɗaukar rake aka shimfiɗa ni. Ban san an kai ni ba. Da na farfaɗo na ga roba a hannuna, jini yana sauka. Ashe da aka ce a kawo mai ba da jini, babanki ne ya miƙa hannu, aka gwada aka ga ya dace da nawa, har mai ɗiban yana yaba masa wai jininsa a cike yake. Jinin da ƙwayoyina suka tara masa, shi aka dawo mini da shi ta roba. Nan ne abokansa suka samo tsokanarsu, kuma ni ma in na tuna wannan wurin sai na yi murmushi.

Sai aka miƙo mini yaron. Namiji ne. Ni da na guji ɗa ƙato, hular da na saƙa masa da hannuna ta rufe masa fuska har haɓa. Ba shi da ƙarfin kama nono, ni kuma ba ni da ƙarfin ɗaga shi. Kukansa ma sai kin kasa kunne. Muka dawo gida, bai kai suna ba ya koma. Ragon da babanki ya ɗaure sai sadaka aka yi da shi.

Na tambayi malamar daga baya ko da na sha maganin da yaron ya rayu. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini ƙarya ba. Ta ce rai a hannun Allah yake, ba za ta rantse mini ba. Abin da ta sani shi ne uwa mai ƙarancin jini ta fi haihuwar ɗan da bai yi ƙwari ba, kuma jinin da wata za ta zubar ta tashi, ita shi zai kayar da ita. Na yarda da ƙaddara, kwanansa ke nan. Amma an ba ni abu a hannuna na bayar, wannan kuwa ni na yi, kuma har yau yana yi mini ciwo.

Kina da wayo lokacin, ban sani ba ko kin tuna. Inna ta zo da ke gaisuwa. Ina kwance, kika tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu, kina leƙena kina tsoron shigowa. Ranar ba abin da nake so kamar in jawo ki in rungume, in ji ɗumin ɗan da na haifa yana numfashi. Ɗakin cike yake da mata. Na buɗe baki in kira ki, ba ni da sunan da zan kira ki da shi. Na ce, "Ajiye nan." Kika ajiye kika fita.

Da na sami cikin Auta, ba wanda ya roƙe ni. Ni na tashi babanki na ce ya kai ni. Na faɗa wa malamar komai, har da maganar Tabawa. Ta yi dariya har ta cire gilashi, ta ce ƙwayar jini take gyarawa, ba ta san hanyar kan yaro ba. Ta ce baƙin bayan gida ba ciwo ba ne, haka maganin yake yi wa kowa. Tashin zuciya kuma in riƙa sha bayan na ci tuwo, kada in kora da shayi, don shayi yana hana shi kama jiki. Na bi. Haki ya tafi, na daina sha'awar katanga. Na haifi Auta lafiya lau, ranar suna da ƙafata na fito tsakar gida. Ƙaton kan da kike gani a wuyansa kuwa kada ki ɗora wa asibiti, ki dubi babanku da kyau.

To ke yanzu kin fi mu sa'a. Na ji a rediyo ana ta faɗa cewa gwamnati tana so maganin nan ya kai kowane ɗakin shan magani na ƙauye, ba sai mace ta je babban asibiti ba. Ko a nan garin yanzu akwai ranar awo, mata suna tafiya da ƙafa su dawo kafin azahar. Kuna sauka, kafin ki gama jera kwanukanki, ki tambayi matar mai unguwa inda ake awo da ranar da ake yi. Kada ki ce sai ciki ya fito, tun yana ƙarami aka fi so a fara. In kin tarar namiji ne malamin asibitin, kada wannan ya mayar da ke gida. Ki nemi tsohuwa a maƙwabta ta raka ki, ta zauna kusa da ke.

Ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci za ki je a ce maganin ya ƙare, ba a kawo ba. Mu ma nan yana faruwa. Kada ki dawo ki naɗe hannu. Ranar kasuwar Tudun Wada mota ba ta yankewa, Malam ya kawo ki ko ya karɓo miki. Kuma ku matan wurin ku riƙa tambaya, ku dame su, ku sa mazanku su faɗa wa dagaci. Mijinki yana da alƙalami, ya rubuta. Garin da matansa suka yi shiru, waɗanda ke rabon a can sama ɗauka suke yi ba a bukata. Mu ma da baki muka samu a nan, bayan mun gaji da hawa mota da tsohon ciki.

Akwai wani hali da kika gada a wurina, hannunki a sake yake. Wata rana maƙwabciya za ta ce tana jin jiri, ki ɗebar mata ƙwaya biyu. Ko Malam ya dawo daga makaranta ya ce ya gaji. Kada ki bayar. Naki naki ne, an ba ki daidai jikinki. In kina son taimakon maƙwabciya, ki kama hannunta ku tafi tare a duba ta a ba ta nata. Haka na yi wa Daso, Bafillatanar da ke kawo mana nono. Ita kunyarta ta ninka tamu, ko kalmar ciki ba ta iya ji sai ta rufe fuska. Ban yi mata dogon bayani ba, na ce ta raka ni asibiti ƙafata na ciwo. Muna zuwa na tura ta gaban malama. Ta yi fushi da ni har ta daina yi mini gyara a nono, amma yaron da kike gani a bayanta yanzu shi ne cikin da take ɗauke da shi ranar. Can inda za ku rugage sun fi nan yawa, za ki ga irinta. Ke kin yi makaranta, za su ji maganarki.

Sai abinci. Na shekara da shekaru ina raba wa kowa ina cin ƙanzo, in an yanka kaza wuya ne nawa da ƙafa, ina ganin hakan shi ne zama macen kirki. Kada ki yi koyi da ni a nan. Zogalen da na sa miki ki riƙa zubawa a miya, in ya ƙare can ma akwai ɗanye, ga rama ga alayyafo. Akwai wake a ƙullin da ke ƙasan kwando. Ranar kasuwa ki ce Malam ya sayo hanta, kuma ki ci rabonki tun tana da zafi, ba abin da ya rage ba. In wata ta ce mai ciki ba ta cin ƙwai, ki ce to, ki shiga ɗaki ki ci abinki. Amma abinci ba ya maye gurbin ƙwayar, tare suke tafiya. In kuma kika ga ƙafarki ta kumbura, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ko zazzaɓi, ko kika ga jini, kada ki leƙa katanga ki tambayi kowace Tabawa. Ki tafi wurin masu abin.

In watanni sun ja, nan za ki zo goyon ciki. Da Bebeji za ki, wurin Inna, yanzu kuwa ni ce. Na riga na faɗa wa babanki a gyara ɗakin da ke kusa da nawa, washegari na ga ya kawo itacen wanka ya tara a bayan rumbu. Shi ma kunyarki yake ji, amma ya gane. Ki sani ranar da kika iso, kafin in ba ki ruwa, sai na ja fatar idonki na duba. Ni ba za ki yi mini abin da na yi wa malama ba. Ja nake so in gani.

Gobe in motarku ta tsaya a bakin titi, zan fito da kwandon nan. Na san kaina. Zan miƙa wa Goggo Lami, in tsaya ina yi mata bayanin kada a danne kwanon, in gaisa da Malam, ke kuma in ce miki Allah Ya kiyaye hanya ina duban wani wuri. Kada ki ɗauka abin da ke zuciyata ke nan. Na rasa ɗa guda saboda na kasa buɗe baki in yi tambaya. Ba zan iya rasa ki saboda na kasa buɗe baki in faɗa ba. Ina son ki tun ranar da na faɗi a gindin turmi, ban taɓa dainawa ba.

Allah Ya raba ku lafiya, Ya ba ki mai albarka, Ya sa in goya shi a gaban kowa, don jika ba a jin kunyarsa. Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari, Ya dawo mini da ke da ƙafarki.

Ki sha maganinki, Sa'adatu. Na daɗe ina riƙe da alƙalamin kafin in rubuta sunan nan. Sau ɗaya na ji an raɗa miki shi ina bayan labule, tun ranar nake faɗinsa a zuci bayan kowace salla. Sa'adatu, ki sha saboda ni.

Wassalam.

Ni ce wadda kike ce wa Yaya,
Uwarki.